Idan Iskar CO2 Ta Yi Wa Tankin Kifi Yawa: Yadda Ake Ganewa, Ceto da Gyara

Fitilar tanki ta yi awa uku ko huɗu a kunne, tsirrai suna fitar da 'yan ƙwayoyin kumfa a gefen ganye, ruwa garau, sai ga kifaye duk sun taru a sama suna buɗe baki kamar masu hamma. Marfin mashaƙarsu yana kaɗawa da sauri, dodon koɗi ya hau gilashi har ya wuce bakin ruwa, jatan lande kuma yana ta zagaye kamar wanda ake kora. A tankin da ake tura wa iskar kabon dayoksaid, wato CO2, don ciyar da tsirrai, wannan ba cuta ba ce. Iskar ce ta yi yawa, kuma mintuna ne a hannunka, ba awanni ba.

Abin yi nan take

Ka fara da rufe babban makunnin da ke kan silindar kanta. Kada ka tsaya murɗa ƙaramin bawul na daidaita kumfa, kada kuma ka dogara da zare filogin solenoyid, wato bawul ɗin lantarki mai buɗe iskar da rufe ta, domin mai yiwuwa shi ne ya maƙale a buɗe. Idan kwalbar sukari da yis kake amfani da ita wajen samar da iskar maimakon silinda, zare tiyon daga cikin ruwa ka bar shi yana huci a waje. Kada ka toshe bakinsa, kwalbar za ta kumbura ta fashe.

Sai ka ɗage murfin tankin gaba ɗaya, ka tayar wa saman ruwa hankali. Ɗaga bakin bututun filta sama da ruwa yadda zai riƙa zubowa yana fantsama. Saka dutsen iska, wato dutsen da famfo ke hura iskar ɗaki ta cikinsa zuwa ruwa, ka buɗe famfonsa har ƙarshe. In babu wuta ko babu famfo, ɗauki moɗa ko jug mai tsabta ka riƙa ɗiban ruwan tankin kana kwararo shi daga tsayin kamu ɗaya ko biyu, babu tsayawa, na tsawon minti 10 zuwa 15. Aikin gajiya ne, amma yana ceton kifi. Fankar da aka karkato tana busa saman ruwan ita ma tana taimakawa.

Idan akwai kifin da ya riga ya kwanta a gefe ko yana juyawa ciki sama, canza kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na ruwan nan take. Ruwan ya zama an cire masa kulorin, zafinsa kuma kada ya bambanta da na tankin da fiye da digiri 1 ko 2. A nan akwai tarko ga mai amfani da ruwan burtsatse ko na rijiya mai zurfi: ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yanzu-yanzu sau da yawa shi kansa ɗauke yake da CO2 mai yawa, oksijin kuma kaɗan. Wanda ya kwana a duro ko bokiti a buɗe ya fi. In sabo ne kawai a hannunka, jujjuya shi tsakanin bokiti biyu sau goma kafin ka zuba. Kifin da ya fi galabaita ana iya cire shi zuwa bokitin irin wannan ruwa da dutsen iska a ciki.

Bar fitila a kunne idan da rana ne, domin tsirrai na ci gaba da zuƙe CO2 suna sakin oksijin. Kada ka zuba bekin soda ko wani maganin ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da CO2 ke saukewa: lambar za ta hau, iskar kuwa tana nan a cikin ruwa yadda take, ka ƙara wa kifi wata wahalar ne kawai. Kada ka sa maganin cuta, kada ka ba da abinci sai bayan awa 24. Yawancin kifin da bai kai ga mutuwa ba yakan dawo hayyacinsa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da fara wannan aiki.

Me ke faruwa a jikin kifin

Mutane da yawa suna zaton CO2 korar oksijin take yi daga ruwa. Ba haka ba ne. Kowace iska tana narkewa a ruwa da nata lissafin, ɗaya ba ta tura ɗaya waje. Tanki na iya cika da oksijin har tsirrai su riƙa zubar da kumfa, kifi kuma yana shaƙewa a ciki.

Dalilin shi ne kifi yana fitar da CO2 na jikinsa ta mashaƙa ne saboda wanda ke cikin jininsa ya fi wanda ke cikin ruwa yawa. Daga wuri mai yawa iskar ke gangarawa zuwa wuri mai kaɗan. Idan ruwan ya cika da ita, babu inda za ta gangara. Sai ta taru a jini, jinin ya yi tsami, sinadarin himogulobin da ke ɗaukar oksijin ya rage riƙo. Christian Bohr da abokan aikinsa suka bayyana wannan raguwar riƙo a 1904. A jinin kifaye da yawa abin ya fi haka tsanani: idan jini ya yi tsami, himogulobin ba ya iya cika da oksijin komai yawansa a ruwa. Idan iskar ta ƙara yawa kuma, takan bugar da kifi kamar maganin sa barci, shi ya sa ake ganinsa yana tangaɗi.

Amfanin sanin wannan biyu ne. Na farko, kumfar da ke kan ganye ba shaida ba ce cewa kifi na lafiya. Na biyu, yawan oksijin ba ya maganin matsalar, amma ƙarancinsa yana ninka ta. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita. A digiri 25 ya sauko kusan 8.3, a digiri 30 kusan 7.6, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. Ke nan adadin CO2 da kifi ya jure lafiya lau da hunturu yana iya kayar da shi a tsakiyar bazara, ba tare da an taɓa bawul ba.

Kafin ka ɗora wa CO2 laifi, duba lokaci. Nata alamun suna zuwa ne awanni bayan an kunna ta, suna tsananta zuwa tsakiyar lokacin haske, suna lafawa da zarar an motsa ruwa. Idan da asuba kifi ke hawa sama kafin a kunna komai, oksijin ne ya ƙare cikin dare, domin a duhu tsirrai ma shaƙarsa suke yi. Idan kuwa an kashe iskar, an motsa ruwa awa biyu amma ba sauƙi, auna amoniya da naitirait, sinadarai masu dafi da ke samuwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Ka kuma lura cewa kifin beta da gurami suna da wata gaɓa ta shaƙar iska daga sama, koridoras ma yakan leƙo ya haɗiyi iska ya koma. Hawansu sama ba alama ba ce, kuma su ne na ƙarshe da za su nuna wahala. Ƙananan kifaye irin su tetra da otosinkulus, da jatan lande, ne ya kamata ido ya fi zama a kansu.

Awo, da inda kowane ma'auni ke yaudara

Adadin da masu wannan sana'a suka fi tsayawa a kai shi ne kusan miligiram 30 a lita, abin da ake rubutawa 30 ppm. Tankin da ba a tura wa komai yakan zauna wajen 2 zuwa 3. Talatin ɗin ba doka ba ce: tankin da ruwansa ke motsi sosai yana ɗaukarsa babu damuwa, wanda samansa ke kwance lumui kuma kifinsa na iya fara haki tun kafin a kai can. Ga tsirrai masu sauƙin hali, 15 zuwa 20 ya isa.

Ƙidayar kumfa a sakan ba awo ba ce. Girman ƙwayar kumfa ya danganta da 'yar na'urar ƙidayar da ke kan tiyon iskar, da matsin da ke bayanta, da ko ruwa ne a ciki ko mai. Kumfa biyu a sakan a gidan wani na iya zama huɗu a naka. Amfaninta ɗaya: ka kwatanta tankinka na yau da na jiya.

'Yar kwalbar gilashi mai sauya launi, wadda ake kira dirof-ceka, ta fi ta. Ana zuba mata ruwan gwaji mai KH 4 (KH ma'aunin yawan kabonet ne, sinadarin da ke hana ruwa saurin yin tsami) haɗe da launin buromotaimol. Shuɗi na nufin iskar ta yi kaɗan, kore na nufin kusan 30, rawaya na nufin ta wuce. Kurakuranta sanannu ne. Idan aka zuba mata ruwan tanki maimakon ruwan KH 4, launin ba ya nufin komai. Idan aka manna ta saitin inda ƙananan kumfa ke tashi, za su shige ta kai tsaye ta yi rawaya tun ruwa bai ƙoshi ba. A kafa ta a ɗaya ɓangaren, ƙasa-ƙasa. Babban aibinta dai jinkiri: labarin awa ɗaya zuwa biyu da suka wuce take bayarwa. Ranar da regileta, wato na'urar rage matsi da ke kan silinda, ta ɓalle, kifi zai kwanta ita tana nan kore shar. A riƙa sabunta ruwanta duk wata.

Hanyar da ta fi saurin faɗin gaskiya ita ce faɗuwar pH. Ɗebi ruwan tanki a kofi, ka bar shi a buɗe awa 24 zuwa 48 har iskar ta fice, ka auna pH. Wannan ne tushenka. Sai ka auna na cikin tankin lokacin da aka kunna fitila, da kuma duk bayan awa ɗaya har yamma. Faɗuwar maki 1.0 daga tushe na nufin iskar ta ninka sau goma, wato daga kusan 3 zuwa kusan 30. Abin da ya kamata ya zauna a kai shi ne duk ƙarin faɗuwar 0.3 ninki biyu ne. A ruwa mai KH 4, pH 6.6 na nufin kusan 30 ppm, 6.4 kusan 48, 6.3 kusan 60, 6.0 kuwa 120. Tazarar da ke tsakanin lafiya da asara ba ta kai rabin maki ba, kuma ruwan gwaji na ɗigo da ake kwatanta launinsa da ido ba ya raba 6.4 da 6.6 da kyau, mafi yawansu ma ba sa karanta ƙasa da 6.0. Alƙalamin pH na lantarki da aka daidaita da ruwan 7.0 da na 4.0 ya cancanci kuɗinsa.

Jadawalin lissafa CO2 daga pH da KH da ake yawo da shi yana aiki ne kawai idan babu wani abu mai tsami a ruwan sai CO2. Ƙasar shuka ta musamman da ke sauke pH, itacen da ke rina ruwa, busasshen ganye, duk suna ɓata lissafin, jadawali ya nuna maka 80 ppm alhali kifi na wasansa. Shi ya sa awon kofi ya fi shi, domin yana kwatanta ruwanka da kansa.

Abin da ake nema a jerin awon yini shi ne pH ya faɗi, ya tsaya, ya zauna a wurin. Idan yana ta gangarawa har lokacin kashewa, iskar da ke shiga ta fi wadda ke fita, kuma duk ranar da aka ƙara awa ɗaya ko filta ta ɗan toshe, za a wuce iyaka.

Daga ina ɓarnar ke fitowa

Mafi muni ita ce amayar ƙarshen silinda. A cikin silinda CO2 ruwa-ruwa take, kuma muddin akwai sauran ruwan, gejin babban matsi ba ya motsi: kusan bar 57 (bar ma'aunin matsi ne) a digiri 20, kusan 64 a digiri 25. Ranar da ruwan ya ƙare sai allurar ta fara sauka. Regileta mai mataki ɗaya tana da halin da idan matsin shigowa ya ragu, na fita ya ƙaru, a wasu ma ya ɓalle gaba ɗaya, ragowar iskar ta kwarara cikin tanki a 'yan awanni. Maganin shi ne regileta mai mataki biyu, wadda ke rage matsin sau biyu a jere. A lura, geji biyu ba shi ne mataki biyu ba, kuma 'yan kasuwa sukan haɗa kalmomin. Wanda regiletarsa mai mataki ɗaya ce kuma ya kai silinda ciko da zarar allura ta fara sauka, kada ya bari ta kai bar 35.

Wannan ƙa'ida ta kallon allura an gina ta ne a ɗaki mai sanyi. Sama da digiri 31, CO2 ba ta zama ruwa ko da wane matsi, kuma ɗakin da ba na'urar sanyaya a Kano, Sakkwato ko Yamai yana wuce haka a Afrilu. A irin wannan zafi allura tana hawa da rana tana sauka da dare, cikakkiyar silinda tana iya haura bar 100 a digiri 40, kumfa kuma na iya sauya gudu tare da ita. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce sikeli: an buga nauyin silinda babu komai a wuyanta, ka auna ka cire, abin da ya rage shi ne iskarka. A ajiye ta a tsaye, a ɗaure, nesa da taga da rana. Idan ta kwanta, ruwan CO2 zai shiga regileta ya lalata ta. Kilo ɗaya yana zama fiye da lita 500 na iska, don haka silindar da ke yoyo a rufaffen ɗakin kwana haɗari ce ga mutum ma. A gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu duk lokacin da aka canza.

Ɗauke wuta na da nata ɓarnar iri biyu. Solenoyid na kirki yana rufewa da kansa idan wuta ta tafi, wannan alheri ne. Amma wanda ba shi da solenoyid, ko mai kwalbar yis, iskarsa na ci gaba da shiga alhali filta ta tsaya, fitila ta mutu, babu mai zuƙe ta, babu mai kore ta. Ta biyun ta fi ɓoyuwa: taima, wato na'urar da ke kunnawa da kashewa a kan lokaci, idan mai juyawa ce kamar agogo tana tsayawa idan wuta ta tafi, ta ci gaba daga inda ta tsaya idan ta dawo. Bayan kwana biyu ko uku na ɗauke-ɗauke, ƙarfe goman safiyarta ta koma tsakar dare. Taima ta dijital mai batir a ciki ce maganin wannan. Kada kuma a haɗa solenoyid da inbata ko janareto a bar filta a layin da ba wuta. Duk abin da zai kunna iskar, ya kunna filta tare da ita. Famfon iska mai caji wanda ke tashi da kansa idan an ɗauke wuta na daga cikin kayan da suka fi arha da amfani.

Kwalbar yis ba ta san dare ba, kuma zafi na ƙara mata ƙarfi: haɗin da ke tafiya a hankali da sanyin hunturu yakan yi ta tafarfasa da bazara, ya kuma ƙare da wuri. A kwalba mai lita 2, rabin ƙaramin cokali na yis ya isa. Ƙara yis gudu yake ƙarawa, ƙara sukari kuma kwanaki. A sa ƙaramar kwalba ta biyu a tsakani don ta tare ruwan haɗin kada ya bi tiyo ya shiga tanki, da dare kuma a kunna dutsen iska.

Sauran dalilan ƙanana ne amma su suka fi yawa. An yi wa tsirrai babban aski, masu cin iskar sun ragu da rabi, bawul yana inda yake. An jiƙa difiyuza, wato abin da ke fasa iskar zuwa ƙananan kumfa a cikin ruwa, a bilic an wanke, ramukansa sun buɗe, kumfa ta koma laushi tana narkewa fiye da da. An cika ruwa har ya rufe bakin filta, fantsamar da ke fitar da iska ta tsaya. Wani maiƙo-maiƙo ya shimfiɗu a saman ruwa, ko tsirrai masu yawo a sama sun rufe shi ruf. Fitila ta ƙone ba a lura ba. Bawul mai arha ya sassauta da kansa, ko hannun yaro ya kai gare shi. Mai na'urar da ke buɗe iska bisa pH kuma ya yi hattara da canjin ruwa: idan KH na sabon ruwan ya fi na da, na'urar za ta yi ta tura iska tana neman tsohuwar lambar.

Mayar da iskar bayan hatsari

A bar ta a kashe kwana ɗaya ko biyu. Tsirrai ba za su mutu ba. A rage haske zuwa awa 5 ko 6 don kada gansakuka ta samu dama. A duba bayan duwatsu da cikin ciyayi a kwashe duk abin da ya mutu, dodon koɗi musamman, domin yana ruɓewa da sauri. A auna amoniya kwana biyu a jere. Da iskar ta fice pH zai hau, kuma amoniya ta fi dafi a pH mai sama, shi ya sa wasu ke ceto kifi yau su rasa shi jibi.

Sai an gano musabbabin kafin a sake buɗe silinda. Daga nan a fara da rabin gudun da ake a da, ko kumfa ɗaya a sakan biyu ga tanki mai lita 60 zuwa 100. A saita matsin aiki yadda difiyuza ke buƙata, yawanci bar 1.5 zuwa 2 ga na seramik na cikin tanki, na kan bututun filta kuma fiye da haka kaɗan. Taima ta kunna iskar awa ɗaya zuwa biyu kafin fitila, ta kashe ta awa ɗaya kafin fitila ta mutu. Ƙari sau ɗaya a rana, ɗan kaɗan, da safe, kuma a ranar da kake gida har yamma. Bayan murɗa bawul a jira minti 15 a sake ƙidaya, domin matsi a cikin tiyo yana ɗaukar lokaci kafin ya daidaita. Ba a taɓa bawul daren tafiya. Mai barin gida na mako guda ya rage iska da haske tare.

Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ta cewa a kwantar da saman ruwa don kada iskar ta ɓata, ita ce ta fi kashe kifi. Tsimin gas ne da ake biya da rai. Idan saman ruwa na rawa a hankali ko'ina, ba tare da fantsama ba, yawan iskar da ke ficewa yana ƙaruwa daidai da yadda take taruwa, sai pH ya sami inda zai tsaya, oksijin kuma ya wadata dare da rana. Silinda za ta ƙare da ɗan wuri, shi ke nan. Ƙaramar na'urar zuƙe maiƙon sama tana yin wannan aiki da kyau, sai dai a sa mata raga in akwai jatan lande.

Sabon kifin da aka sayo daga shagon da ba a tura CO2 bai saba da 30 ppm ba, ko da na gida suna yawo a ciki lafiya. A kashe iskar ranar da za a saka shi, ko a saka shi da dare bayan ta fice, sannan a dawo da ita mataki-mataki cikin kwana uku.

Ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan kabon na ruwa wani abu ne daban. Yawancinsa sinadarin gulutaraldehaid ne ko danginsa, dirof-ceka ba ta ganinsa, pH ba ya nuna shi, motsa ruwa kuma ba ya fitar da shi. Idan ya yi yawa yakan narkar da tsiron balisneriya, ya kashe jatan lande. Maganinsa canjin rabin ruwa da saka gawayin filta.

Inda wuta ba ta da tabbas kuma babu mai zama a gida, ya kamata a tambayi kai ko tankin na buƙatar silinda tun farko. Tsirrai irin su anubiyas, wanda asalinsa rafukan yammaci da tsakiyar Afirka ne, har da kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, da bolbitis na Afirka, da fan ɗin Jaba, da yawancin kiriftokorin, duk suna girma ba tare da an tura musu komai ba, a haske matsakaici na awa 6 zuwa 7. Sai dai a yi haƙuri da su: anubiyas yakan ɗauki makonni kafin ya fitar da sabon ganye ɗaya, kuma a ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace, ba a binne kaurin jijiyarsa a ƙasa, in ba haka ba ya ruɓe.